Abin da Ma'aji Bai Rubuta Ba

Matakala talatin da bakwai ce zuwa ɗakin hasumiya,
Shekara ashirin ina ƙirga ta safe da yamma.
Makullin ƙarfen ya fi tafin hannuna tsawo,
Ruwan arewacin Ingila yana ta dukan taga,
Sanyin ɗakin nan ko bazara ba ta taɓa korar sa ba.

Ni ce Hester Redpath, mai tsaron takardu
A Kwalejin Aldwin da ta girmi kakan kakan kowa.
Abokan hirata duk sun riga mu gidan gaskiya,
Da tawada mai launin dafaffen shayi suke zance,
Ko sau ɗaya ba su katse mini numfashi ba.

Ga kundin ma'aji, fatar maraƙi, warin danshi:
Kyandir dozin shida. Gawayi amalanke biyu.
Tarar kwabo huɗu ga ɗalibin da ya hauro katanga,
Kwabo biyu ga wanda ya tuntsire da dariya a coci,
Abin da ya ba shi dariyar ba a faɗa ba.

Shekarar annoba shafi uku ne fari fat,
Sai layi guda can ƙasa, hannun yana rawa:
“An sallami mai haƙa kabari.”
Daga nan rubutun ya sake, wani ya gaji alƙalami,
Lissafi ya ci gaba kamar ba a rasa kowa ba.

Shugabanni suna rataye a zauren cin abinci,
Kowa da gashin aro, kowa ya sha mur.
Ambrose Tindall ya yi shekara tara yana shari'a
Kan wa ke da ikon kama kifi a ƙarƙashin gada.
Takardun ƙarar sun cika akwati uku,
Kogin kuwa ko gezau bai yi ba.

Amma akwai layin da na bi kamar mai bin sawu:
“Mai wanki, sule ɗaya.” Duk bayan wata uku.
Mai wanki, mai wanki, shekara talatin da ɗaya,
Ma'aji huɗu suka shuɗe, sulen yana nan sule.
Dokin shugaba yana da suna, har ranar da ya gurgunce,
Ita ko harafin farko ba a ba ta ba.

Sai shekarar da kogi ya daskare:
“Sabuwar mai wanki, sule ɗaya.”
Shi ke nan. Mutuwa ta yi? Yatsu ne suka ƙi lanƙwasuwa?
Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Bara asu ya ci bangon kundin, zare ya saki.
Cikin tarkacen da maɗinki ya cusa don bango ya yi kauri
Ga guntun rasit: zanen gado sha biyu, kwala arba'in.
“Na karɓa, Marjory Stobbs,” wani ya rubuta mata,
Ita ta ja gicciye, karkatacce, tawada ta fantsama.
Hannun ya san toka, ya san ruwan ƙanƙara,
Alƙalami ne bai sani ba.

Yau majalisar kwaleji ta aiko da takarda:
Bikin cika shekara ɗari biyar yana tafe,
A tsamo sunaye hamsin na waɗanda suka riƙe gidan nan,
Za a sassaƙa su a dutse, bakin babbar ƙofa.
Magatakarda ya ce jibi yake so, kada a makara,
Bai ce dole sai masu hoto a bango ba.

Na jera su bi da bi, yadda haruffa suka zo,
Stobbs ta faɗo daidai saman Tindall.
Mai yiwuwa kwamiti ya soke, jan biro ba ya tsada.
Amma kwafi yana akwati na saba'in da shida,
Da lamba, da kwanan wata, da sa hannuna,
Kuma a ɗakin nan, tun ranar da aka aza harsashi,
Abin da ya shiga rajista bai taɓa fita ba.